Shekarar da Baba Ya Jira Wata

Sanyin bana ya shigo da wuri. Shekaranjiya da na zuba ruwan alwala na ji ya sare ni har cikin ƙashi, na ce to, ga shi ya dawo. Sanyin Kumasi ba wani abin a zo a gani ba ne in ka ji mutanen Arewa suna ba da labarin nasu. Mu nan sai dai leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tsofaffi irina mu lalubo tsohon bargo daga ƙasan akwati. Ina zaune a baranda ina shafa man kaɗe sai ga 'yata Rabi ta dawo daga kasuwa da wasu 'yan ƙananan fakiti masu hoton tumatir ja wur, irin wanda ban taɓa gani a lambun ɗan Adam ba. Ta jera fasassun bokitan roba, ta cika su da ƙasa, ta sa haƙori ta yage bakin fakiti.

Ban san sa'ad da bakina ya ce, "Yau wata nawa?" ba.

"Disamba muke, Mma."

"Ba wannan nake tambaya ba. Watan sama."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ei, Mma! Wa yake duba sama yanzu? Ga komai an rubuta a bayan pepa, ba su yi maganar wata ba koraa, ko kaɗan."

Na bar ta ta zazzage abinta, kuma na san zai tsiro. Rabi yau tana da jikoki, amma a shekarar da tambayar nan ta tuno mini tana goye a bayana, ko haƙori ba ta fitar ba. Ƙarshen 1969 ke nan, shekarar da aka kori baƙi.

Mahaifina sunansa Garba, amma a Zango in ba ka ce Garba Mai Lambu ba, ba wanda zai nuna maka ƙofarsa. Daga wani ƙauye a ƙasar Dogon Dutsi ya taso yana saurayi, ya biyo fatake masu jakuna da ƙafa har Kumasi. Ya yi dako a kasuwar goro har bayansa ya gaji, sannan ya samu wani yanki a bakin rafin da ke bayan Moshi Zango ya kafa lambu. Yau in na nuna maka wurin za ka ce ƙarya nake yi, gidaje ne a cunkushe, rafin kuma ya koma kwata mai ɗauke da leda. A lokacin masu lambu bakwai ne a jere, Moshi da Zabarmawa da Hausawa, kowa da fangalinsa, wato 'yan gadajen ƙasa da ake tayarwa a shuka a kai. Ni ce 'yar fari, mazan sun zo a makare, don haka ni na tashi da gwangwanin ban ruwa a hannu. Ko da na yi aure ban daina ba. Mijina Alhasan Badagombe ne, makanike a Suame, ba mai kulle ba, ya ce in dai zan dawo da ganyen miya in je.

Baba ba ya sayen iri, yana ganin abin kunya ne. Gautarsa, 'yar fara mai ɗan ɗaci, tun daga garinsu ya zo da irinta a ƙulle a bakin riga. Kowace shekara zai zaɓi tushen da ya fi kyau ya ɗaura masa jan ƙyalle, duk wanda ya tsinki ɗa a jikinsa ya shiga uku. Sai 'ya'yan sun nuna sun yi laushi ya matse su a ƙwarya, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya cuɗa da toka, ya ɗura a gora ya toshe da totuwar masara, ya rataye ta inda hayaƙin murhun Inna ke bi. Gorar nan ba ta sauka sai ya duba sama.

Ga dokarsa. Abin da ke yin 'ya'ya a sama, gauta, tumatir, kuɓewa, barkono, ana yafa shi wata yana jinjiri, daga kwana uku zuwa bakwai, don su tashi tare. Abin da ke shiga ƙasa, irin su rogo da gwaza, sai wata ya raba ya fara raguwa. Dashe kuwa, wato ciro ɗan tsiro daga inda aka rene shi a kai shi inda zai zauna, ba a yin sa sai wata na hawa. In ka cire abu daga ƙasa wata na raguwa, in ji Baba, saiwarsa ba ta kamawa. Malam Yahuza, limamin masallacin layinmu, ya sha ce masa wannan camfi ne. Baba yakan ce, "Allah gafarta Malam, ban ce wata ke tsirar da iri ba. Amma ku ma ai shi kuke jira kafin ku ce mu ɗauki azumi." Sai Malam ya yi murmushi ya karɓi gautar da aka kawo masa.

A shekarar, watan azumi ya tsaya daidai da ɗaukewar ruwa. Ran uku ga wata muka yafa iri. Tun kwana biyu kafin nan Baba ya tara busasshiyar ciyawa a kan fangalin reno ya cinna mata wuta don ta kashe ƙwarin cikin ƙasa. Ya tankaɗe kashin awaki da tsohuwar rariya ya cakuɗa, har ƙasar ta yi laushi kamar garin tuwo. Da yatsa yake jan layi. Ya yi bismilla, ya yafa, ya barbaɗa rairayi, ya rufe da ciyawa, ya kafa 'yar rumfar ganyen kwakwa iya ƙugu. Ni nawa ban ruwa ne, da gwangwanin da aka huda gindinsa da ƙusa don ruwa ya sauka kamar yayyafi. Ba ya yarda a zuba wa iri ruwan rafi kai tsaye, wai sanyinsa na firgita shi, sai an cika garwa an bar ta ta sha rana tukuna.

Ban ruwa da azumi a baki, wanda bai yi ba bai san ƙishirwa ba. Kana tsaye cikin rafi har gwiwa, ruwa na gudu ta tsakanin yatsunka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na cika maka hanci, maƙogwaro kuwa kamar an goge shi da buhu. Kwana biyar ko shida muka ɗaga ciyawa, ga su nan sun fito layi-layi, kowane da 'yan kunnuwa biyu. A makon ne aka yi sanarwar.

A shagon wani tela mai rediyo aka fara ji, kafin la'asar ta zagaye Zango. Duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Da farko dariya aka yi. Wane baƙo? Akwai waɗanda kakanninsu ke kwance a maƙabartar garin nan. Baba ya ce, "Ran da na shigo ba wanda ya tambaye ni takarda, tambayata aka yi ko ina iya ɗaukar buhu." Amma dariyar ba ta kwana uku ba. Maza suka dinga yin sammako zuwa ofis su wuni a layi su dawo hannu biyu. Aka fara fitar da kaya bakin titi, gadajen ƙarfe, kekunan ɗinki, tukwane, awaki, ana rabuwa da su a wulaƙance. Ni aurena ya rufa mini asiri, tunda Alhasan ɗan ƙasa ne. Baba da Inna da ƙannena uku ba su da mai rufa musu.

'Yan garinsu suka haɗu suka samo lori, za ta tashi ran sha takwas ga azumi. Ina gidan su Baba da magariba, an sha ruwa, Inna ta ajiye koko da ƙosai ta faɗa masa.

Baba ya kurɓi koko ya ce, "Sha takwas? Wata ya raba."

"To sai me?"

"Gauta ba ta isa dashe ba. Ko ta isa, ba a cire abu wata na raguwa. Mu jira watan salla ya tsaya, ran uku in dasa, ran huɗu mu kama hanya."

Inna ta ajiye ludayi. Mace ce mai haƙuri, ni ban gado ta ba, amma ranar sai da ta ɗaga murya. "Malam, ni ba gauta ba ce. Yaran nan ma ba gauta ba ne. Polis za ka ce wa su jira wata?"

Da ma ni ba na iya riƙe bakina. Na ce, "Baba, wallahi wannan taurin kai ne. Shekara arba'in ƙasar nan na cin ƙarfinka, yau ta ce ka fita, kai kuma ka tsaya lallashin ganye! Ka bar mini, ni zan dasa."

Ya dube ni ya daɗe. Ladi yake kirana, don ran Lahadi aka haife ni, sunana na yanka ba ya shiga bakinsu tunda ni ce 'yar fari. Ya ce, "Ladi, ban bar miki gida ba, ɗakin haya muke. Ban bar miki saniya ba. In na dasa lambun nan da hannuna, na bar miki wani abu. In na tafi yana reno, me na bari?"

Har yau ban sani ba ko wata yake jira da gaske, ko ƙafarsa ce ta ƙi ɗaguwa ya laƙa wa wata. Ina jin shi ma bai sani ba.

Ran sha takwas na raka su Inna tasha. An loda kaya har sun fi kan motar, mutane sun hau bisa kayan, rana na dukansu ga azumi, yara na kuka, wata tsohuwa ta rungume turminta ta ƙi saki. Inna ba ta yi kuka ba. Da za ta hau ta kama wuyan hannuna ta matse har na ji zafi. "Ke 'yar nan, kin san halin ubanki. Ki sa shi a mota da hannunki. Ki ga fuskar direba, ki san wa da wa ke ciki. Kada ki bar shi shi kaɗai." Na ce to. Baba bai zo tasha ba. Yana lambu yana rage wa rumfa ganye don tsiro ya fara sabawa da rana.

Wa'adi ya cika, Zango ta yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Gidan hayar su Baba da ake rigimar layin banɗaki kowace safiya, ɗaki biyu kaɗai suka rage da mutane. Ƙofofi a buɗe, iska na kaɗa su, kyanwoyi na bin ɗaki-ɗaki suna kuka. Masallacin da sahu ke kaiwa har waje ya koma sahu biyu. Mai kokon bakin layi ta tafi, mahauta sun tafi, Yarabawa masu kanti sun tafi, sai ka zagaye unguwa ba ka samu gishiri ko kananzir ba. Akwai ranakun da muka sha ruwa da gasasshiyar ayaba da barkono kawai. Motar 'yan sanda na yawo, duk wanda suka ga bai yi musu kama da ɗan gari ba su tsayar da shi. Baba kuwa zanen garinsu na nan a fuskarsa daga baki har kunne, ba inda zai ɓoye shi.

Sai ya koma bukkar lambu, inda ake ajiye garma da gwangwanaye. A makon nan sanyi ya sauka, kuma a bakin rafi ya fi ko'ina cizo. Alhasan ya kai masa bargo da kurfoti, ɗan murhun ƙarfe, da gawayi, amma ba ya yarda ya hura in gari ya waye, kada hayaƙi ya tona shi. Ya kamu da tari. Nakan iso da fitowar rana in same shi a tsugune ya dunƙule cikin bargo, tafin hannunsa ya tsattsage har da jini. In shafa masa man kaɗe ina faɗa, yana jina kamar ana ruwa a bayan gari. Na ce ya ajiye azumi, tsoho ne kuma ba lafiya, ya ce in sa ido a kan gwangwanina.

Sauran masu lambu shida duk sun tafi sun bar renonsu. Sai na lura Baba in ya gama namu yana wucewa nasu.

Na ce, "Baba, na Hamidu kuma na mene ne? Hamidu yanzu ya kai ƙasar Moshi."

Ya ce, "Shi ya tafi. Latas ɗinsa bai tafi ba."

Da sassafe wani farin tururi ke tashi daga kan rafin ya kwanta a kan fangaloli. In ina gangarowa nakan ga kamar mutane a sunkuye, kowa a wurinsa yadda na saba ganinsu tun ina yarinya, sai na matso in ga rumfunan reno ne da kututturan ayaba. Wata safiya na iso ban yi sallama ba, na ji Baba a bakin fangalin Hamidu yana cewa, "An tashi lafiya? Ya sanyi?" Ya yi shiru daidai tsawon da mutum zai amsa, sannan ya ce, "Madalla." Na ji tsoro ƙwarai, ba tsoron aljani ba, tsoron cewa mahaifina ya fara zama da waɗanda ba su nan. Na koma baya na yi gyaran murya, na sake shigowa da sallama.

Sau ɗaya 'yan sanda suka gangaro. Allah ya sa Maame Akosua na nan, wata Ba'asantiya 'yar kasuwa da ta shekara ashirin tana sarin ganye a hannun Baba. Tana zaune a bakin hanya da kwanonta, ta tare su da Asantanci ta ce masu lambu sun tafi tun tuni, ita ta gaji wurin, in latas suke so su faɗa. Baba na kwance rub da ciki a cikin ayaba, ya cusa bakin bargo a baki don kada tari ya kuɓuce. Da suka tafi ta zo ta tsaya a kansa tana huci. "Papa Garba, ka tafi mana, na roƙe ka! Yau na yi ƙarya, gobe bakina ba zai iya ba."

Ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce, "Saura kwana shida, Maame."

Aka ga watan salla. Ba ganga, ba guɗa, a filin idi kowa ya samu wurin shimfiɗa har da ragowa. Baba bai je ba, karo na farko tun da ya san kansa. Na kai masa shinkafa da busasshen kifi, ya ci loma uku ya tashi ya je ya duba tsiro. Sun yi ganye biyar-biyar, karansu ya yi ƙwari.

Ran uku ga wata, bayan la'asar da rana ta yi sanyi, muka fara. Baba ya jiƙa fangalin reno sosai, sannan ya sa wani tsohon cokali yana ciro kowane tsiro da 'yar ƙasarsa a jiki, ya miƙo mini da hannu biyu kamar jariri ran suna. Alhasan na gaba yana haƙa rami, ni ina sawa, Baba na bin baya yana danna gindin da babban yatsa, don bai yarda da dannawar kowa ba. Kowane tsiro a kifa masa ganyen gwaza a soke da tsinke, laimarsa ke nan. Muna gamawa aka kira magariba daga nesa, murya ɗaya tak, a unguwar da ladanai ke rige-rige. Wata na can bisa ayaba, siriri. Baba ya tsaya yana dubansa hannunsa duk laka, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya yi."

Alhasan ya ce, "Baba, gobe ku jira ni. In je Suame in nemi izini wurin maigidana, da hantsi in zo in kai ku tasha." Baba ya ce to.

Da na iso da fitowar rana na same shi ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ga ƙunshi, ga buta, ga gorar iri rataye a kafaɗa.

"Baba, ai Alhasan da hantsi ya ce."

"Surukina ba zai ɗaukar mini kaya ya tsaya ya ga ana cusa ni a mota kamar buhun gawayi ba. Kuma motocin Arewa da sassafe suke tashi."

Na gyara goyo na ɗauki ƙunshin. Ya karɓe abinsa. "Ina za ki?"

"Tasha. Na yi wa Inna alkawari."

Ya nuna mini lambu da haɓa. Dashen jiya duk sun langaɓe, sun kwanta a ƙarƙashin ganyen gwaza kamar ba za su tashi ba. Haka dashe yake yi ran farko, na sani, amma sani daban gani daban. Ya ce, "In rana ta same su ba ruwa, kafin azahar an gama. Abin da na zauna dominsa ke nan, Ladi. Ki ba su ruwa. Ni ba yaro ba ne, na san hanyar da na zo."

"Hanyar da ka zo da jakuna shekara arba'in?"

"Ba ta gusa ba."

Gaskiyar da zan faɗa ita ce bai tilasta mini ba. Da na kafe, da ya bari na bi shi, don ya san bakina. Amma na dubi dashen nan zuciyata ta karkata gare su, saboda 'yarsa ce ni, a hannunsa na tashi. Na ce, "To ka yi gaba, zan yi sauri in same ka." Na ɗauki gwangwani. Ya dafa kan Rabi ya yi mata addu'a, ya kama 'yar hanyar da ke hawa titi yana tari. Ko tsayawa ban yi na ga ƙulewarsa ba, na riga na shiga rafi.

Sai da hantsi ya dubi ludayi na gama. Na yi tasha da gudu, Rabi na wujijjiga a bayana, can na haɗu da Alhasan shi ma yana nema. A kwanakin nan ba tasha kaɗai ake lodi ba, ko'ina aka samu fili lori na tsaye, bakin kasuwa, Ashanti New Town, gefen titin Suame. Wani ya ce mota uku suka tashi da safe, wani ya ce biyar, wasu sun yi Arewa ta Yeji, wasu sun yi bakin teku. Na ce wani tsoho mai farar riga da gora a kafaɗa. Ɗan kamashon ya dube ni ya ce, "Sista, tsoho nawa mai farar riga kike tsammani na loda wata ɗin nan?" Alhasan ya ce tunda ba ya nan, ya samu mota ke nan, mu gode wa Allah. Na yarda, don yarda ta fi sauƙi.

Sanyi ya ƙara tsananta, sannan ya janye zafi ya shigo. Rafin ya tsuke har ya koma zare, sai na haƙa rami a cikin rairayi in zauna in jira ruwa ya taru in kwarfa. Safe da yamma, ni kaɗai da goyo, a tsakiyar lambuna shida da suka koma ƙaiƙayi. Na su Hamidu ban iya ba, na bar su suka bushe, kuma in zan wuce ta gefensu nakan kau da kai. Amma gautar Baba ko tushe ɗaya bai mutu ba. Ta miƙe, ta yi fure, kafin babbar salla mun fara tsinka. Ganye ya yi wuya a gari tunda masu nomansa sun tafi, Maame Akosua ta dinga zuwa da kwano biyu maimakon ɗaya. Na yi farin ciki, na yi alfahari. Na zaɓi tushen da ya fi kyau na ɗaura masa jan ƙyalle, ina ta tsara a raina yadda zan ba Baba labari. Wasiƙa ba ta zuwa ba ta tafiya, hanya ta rufe, ban damu ba. Na ce suna can, yana rigima da Inna a kan inda za a rataye gora.

Ruwan farko ya zo da iska da tsawa, ya kwantar da zafi, gari ya cika da ƙamshin ƙasa. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan kasuwar goro da ya sauko daga Bawku ya neme ni da wata takarda a ninke, ta yi daƙal-daƙal, ya ce ta bi hannu huɗu kafin ta zo nasa. Da ajami aka rubuta. Na kai wa Malam Yahuza, shi kakanninsa sun daɗe a nan, korar ba ta taɓa shi ba. Bayan la'asar ne, a zauren masallaci.

Inna ce ta sa aka rubuta. Gaisuwa mai yawa. Sun isa lafiya bayan wahala, sun kwana bakwai a bakin ruwan Yeji suna jiran jirgin fito, autanmu ya yi zazzaɓi amma ya warke. Dangi sun ba su ɗaki. Ina murmushi ina jijjiga Rabi, Malam ya ci gaba: "Bayan haka, ki gaya wa Malam, mahaifinki, ya isa haka. Wata nawa ya tsaya ya faɗi tun da muka rabu. An share masa wuri kusa da rijiya, ba mu shuka komai ba tunda iri yana wurinsa. Ya taho kafin damina."

Na ce ya sake karantawa, ko rubutun ne ya ruɗe shi. Ya sake, bai canza ko harafi ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Alhasan ya ajiye aiki ya bi hanya, Yeji, Tamale, har Bawku, yana tambaya a tashoshi da masallatai. Ko'ina aka ce masa tsofaffi sun sauka daga mota da ciwo, wasu an binne su a gefen hanya ba wanda ya san sunansu, amma ba wanda ya ce ga Garba. Har yau ba ni da kabarin da zan tsaya a kai. Sai dai ba tafiyar Alhasan ke dawo mini ba in sanyi ya shigo. Zauren nan ne.

Malam Yahuza ya jawo tawada ya ce dole a ba da amsa yau, mai goro gobe zai koma. "Me zan ce?"

Na ce ya rubuta cewa Baba ya taso tun ran huɗu ga watan ƙaramar salla. Ya rubuta.

"A wace mota? Sunan direba, ko abin da aka rubuta a goshinta, su san inda za su fara tambaya."

Na ce ban sani ba.

Ya ɗago kai. "Ba ki raka shi ba?"

"A'a."

"Kina ina?"

"Ina ban ruwa."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya tsoma alƙalami ya ce, "Shi ma in rubuta?"

Na ce a'a. Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, har na je na same ta sau biyu. Ba ta taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa faɗa mata ba.